Zeferino da Jinkar Dona Felizarda

Duk wanda ya ce muku Zeferino mugu ne, ƙarya yake yi. Katanga ɗaya ta raba gidana da nasa tun muna yara, na san shi ciki da waje. Babu mugunta a ransa ko ƙwayar zarra. Baki kawai Allah ya ba shi, ya hana shi hannu. In ya fara ba ka labarin kifin da ya kama, sai ka tausaya wa teku, amma leƙa gidansa da rana, dafaffen rogo za ka tarar yana ci da gishiri.

Da guguwa ta faɗo mana a Nyangalo, ba ta bar jinka ko ɗaya a kan bango ba. Ta Zeferino ce ta fara tashi, da idona na ga ta wuce ta saman gidana. Daga baya ya ce shi ya sake ta da gangan, don kada ta ja masa bango. Bangon ma bai kai yamma ba ya kwanta.

Muna cikin wannan hali ɗaliban jami'a suka zo daga birnin Beira a babbar mota, samari da 'yan mata 'yan sa-kai, da shebur da guduma da buhunan garin masara. Shugabarsu wata siririyar yarinya ce mai suna Telma, ga ladabi, ga zafin nama. Allah ya saka wa yaran nan. Sun kwaɓa laka har hannuwansu suka tsage, suka tayar da bangon kusan kowane gida. Sai dai igiyar awo guda ɗaya suka zo da ita, don haka duk ɗakunan suka fito iri ɗaya sak. Ga shi bishiyoyin da muke gane gidaje da su duk sun zube. Ni kaina sau biyu ina shiga ɗakin maƙwabta da bokitin ruwa a ka.

Ranar da motarsu ta iso, kafin mai gari ya nemo takalmansa, Zeferino ya riga ya tare su a bakin hanya. Ya ɗora wata hular kwano da teku ta watso, ya rataya usur a wuya.

"Sannunku da zuwa, 'ya'yana," in ji shi. "Kun yi sa'a. Rabin rufin tashar jiragen ruwan Beira, wannan hannun ne ya ɗora shi."

Na ce, "Kai Zeferino, ji tsoron Allah! Ba gyaɗa ka sayar a ƙofar tashar ba?"

"Rufina, masu rufin me suke ci? Ba gyaɗata ba?"

Yaran suka yi dariya, suka ɗauka wasa muke. An ja musu kunne tun daga makaranta cewa su girmama mutanen gari, su bi yadda ake aiki a wurin. Shi kuwa tsohon da ke ja mana gaba a aikin jinka, ɗansa ya ɗauke shi zuwa birni bayan guguwar. Kujera ta zama babu kowa, Zeferino ya haye. Daga ranar sai Kawu kaza, Kawu kaza.

Abin da ke ransa kuwa duk gari ya sani. Dona Felizarda ce, mai bandar kifi, wadda teku ta cinye mata miji shekarun baya. Ya daɗe yana mafarkin ranar da zai gan ta a cikin gidansa. Ita kuma a lokacin tana kwana a ajin makaranta, da ita da tsohuwarta da 'ya'yanta biyu, shugaban makaranta kullum yana zagayowa yana gyaran murya, yana so a ba shi ajinsa. Ganyen kwakwar rufi ya yi wuya, don guguwa ta aske itatuwan tas. Baiwar Allah nan ta bi gaɓar teku tana tsinto ganye ɗaya-ɗaya, ta zauna ta saƙa har yatsunta suka yi jini. Duk yankinmu ba sauran wani ganyen. In nata ya lalace, to damina a fili za ta same ta, ga shi ɗaliban washegari za su koma.

Ya same ta tana jera saƙar, ya gyara hularsa.

"Dona Felizarda, ki bar mini wannan aikin. Zan yi miki jinkar da in guguwa ta dawo, sai ta gaishe ta ta wuce."

Ba ta ko ɗago ba. Ta ce, "Zeferino, ni ba miji nake nema ba, inuwa nake nema."

"Ai daga inuwa ake farawa."

"In ka ɓata mini ganye ɗaya, a wutar banda zan shanya ka."

Ya dawo yana washe baki, wai ta fara saukowa.

A nan garin, jinka a ƙasa ake ɗaura ta, dab da ɗakin da za a rufa, sannan mutane su shiga ƙarƙashi su ɗaga. Wanda ke ƙarƙashi ba ya ganin komai sai dugadugan na gabansa, shi ya sa ake da mai ja, wanda zai tsaya a waje yana ba da waƙa yana nuna hanya. Zeferino ya ce shi ba zai yi aikin ɓoye a lungu ba. A filin makaranta za a ɗaura, inda kowa zai gani, sannan a ratsa gari da ita har gidan Felizarda da ke can ƙarshen gari ta arewa.

Telma ta ce, "Kawu, ba zai fi sauƙi mu ɗaura a gefen ɗakin ba?"

"'Yata, a jami'arku an koya muku ɗaura jinka?"

"A'a, Kawu."

"To ni ma ba a koya mini karatunku ba. Kowa ya tsaya a nasa."

Aka fara. Inda ake sa sanda ɗaya, ya ce a sa biyu. Inda ake ɗaurewa da igiya, ya sa aka nannaɗe da tsohuwar komar kamun kifi. Ya ƙara mata faɗi ta kowane gefe, wai don Felizarda ta samu wurin zama ta sha iska da baƙonta. Na tambaye shi wane baƙo, ya hura mini usur a fuska. Shi dai bai taɓa ko sanda ba, yana tsaye bisa turmi yana nuni da baki. Da aka gama, abin ya zauna a tsakiyar fili kamar rumfar kasuwa.

Felizarda ta zo ta zagaya ta sau ɗaya, ta wuce gida ta ɗora tukunya. Mai ɗaki ita ke ciyar da masu ɗauka, don haka ta je ta tuƙa tuwon masara, ta haɗa miyar ganyen rogo da kwakwa da jatan lande, ta zauna jira a gindin sabon bangonta.

Kafin a ɗaga, mai gari Tomo ya ɗaga sandarsa ya tuna wa baƙi abin da ko ɗan goye ya sani a Nyangalo. Jinkar da ta tashi ba ta komawa ƙasa. Bangon da ta fara zama a kai kuwa, nan ne gidanta, ba mai sauke ta sai iska. Ɗaliban suka ce sun ji, suka sunkuya suka shige ƙarƙashi. Zeferino ya hura usur, jinka ta yi ƙara, ta tashi. Ba ka ganin komai sai ƙafafu, wasu da takalmin roba, wasu da silifa.

Daga ciki wata murya ta fito. Gildo ne, wani gajeren ɗalibi mai surutun tsiya.

"Kawu, jinka ce wannan ko jirgin ruwa?"

"Yi shiru ka bi waƙa!"

Ba su yi nisa ba suka isa ƙofar makaranta. Ƙofa ta ce ba ta san zancen ba. Aka gwada ta gefe, aka gwada a karkace, ina! Ba dama a ajiye, ba dama a wuce. Zeferino ya leƙa hagu, ya leƙa dama, ya ce a bi ta shinge. Bayan shingen nan kuwa gonar rogon shugaban makaranta ce, abu ɗaya da guguwa ta bar masa a duniya. Mutumin ya fito a guje da alli a hannu.

"Rogona! Zeferino, rogona!"

"Malam, a yi haƙuri, aikin gayya ne."

"Gayyar wa? Ni na gayyace ku?"

Kafin ya rufe baki, jinka ta ratsa gonar ta fita ta ɗaya gefen, ƙafafu sun yi masa kaftu kyauta.

Aka shiga layin da zai kai su arewa kai tsaye. Nan ma tsiya. Sababbin bangaye ne dama da hagu, faɗin da Zeferino ya ƙara ya hana ta shiga. Tsofaffi suka fara ihu, kada ta goga ta zauna a kan bangon wani. Wata tsohuwa kuwa da ba ta da jinka ta tsaya a gefen nata bangon tana yafito su da hannu biyu.

"Ku matso nan, jikokina, ku ɗan huta. Ai ba komai."

"Inna, Allah ya shirye ki!" in ji Zeferino. "Baya! Kowa ya ja baya!"

Yanzu ja da baya ga mutanen da ba sa gani, ku ƙiyasta da kanku. Wannan ya taka wancan, wancan ya zagi wannan da yaren 'yan jami'a. Silifa ɗai-ɗai suka riƙa fitowa daga ƙarƙashi ba masu su. Telma tana zagayawa tana miƙa musu ruwa ta ƙasa.

Zeferino ya share gumi ya ce dama can shirinsa ke nan, ta bakin teku za a bi, can ne hanya ta fi faɗi.

Na ce, "Kai, ruwa na cikowa fa!"

"Rufina, ni da teku mun san juna."

"Ta san ka dai, shi ya sa ba ta ba ka komai."

Duk gari ya biyo baya. Masu ganga suka fito ba wanda ya kira su, yara na tsalle, mata na tafi. A gangaren farko gefen jinkar ya shari ragar da mata suka shanya ƙananan kifi, kifi ya watse a yashi, kaji suka ce gaba ta kai su. Masu kifin suka bi Zeferino da zagi har kakanninsa, shi kuma yana ɗaga musu hannu kamar ɗan takara. Wani zakara da aka kora ya yi fiffike ya haye ƙololuwar jinkar, ya gyara tsayuwa, ya ƙi sauka.

Sai ga ruwa. Ya fara da idon sawu, ya hau ƙwauri. Muka ji Gildo ya ƙwala ihu.

"Wayyo! Wani abu ya kama ni!"

"Ƙaguwa ce, gaisuwa take yi," in ji Zeferino. "Kada wanda ya saki!"

Ba a gama da ƙaguwa ba iskar teku ta shigo ta ƙarƙashi. Wallahi ina kallo jinkar nan ta yi sama. Dogayen suka yi ɗage, gajerun kuwa ƙafafunsu suka bar ƙasa. Na ga ƙafafun Gildo suna tuƙa keke a iska. A nan dariya ta ɗauke wa kowa, don in ta faɗa teku, wahalar Felizarda ta tafi a banza, tsohuwarta kuma ta sha damina a waje. Masuntan da ke gyaran kwale-kwale suka watsar da aikinsu suka ruga, mu mata muka ɗaure zannuwa muka kama gefe-gefe, har shugaban makaranta na gani cikin ruwa yana riƙe da sanda yana zagi. Da ƙyar aka danne ta, aka fito da ita kan tudu ba ta taɓa ƙasa ba. Zeferino kuwa iskar ta cire masa hular kwano, ya bi ta da gudu, sai da aka gama ya dawo.

"Kun gani?" in ji shi yana haki. "Gwaji na yi mata. Ta ci jarrabawa."

Yaran nan sun gaji liƙis. Telma ta ce, "Kawu, don Allah hanya mafi kusa." Ya ce ta sa ido ta sha kallo. Daidai nan wata ɗaliba da ke ɗaukar hoton aikin da waya, don a nuna wa mutanen Beira, ta matso kusa da shi. Shi ke nan, an gama da Zeferino. Ya juya wa hanya baya, ya fuskanci waya, yana tafiya da baya yana jawabi, jinka na biye da muryarsa. Ya yi bayanin yadda ya ceci tashar jiragen ruwa, ya yi bayanin yadda guguwa ke tsoronsa. In ya tsaya shan iska sai ya ba da waƙa, masu ganga su amsa.

Baki na aiki, ƙafa kuma ta kama nata. Hanyoyi biyu ne ke hawowa daga bakin teku. Ɗaya ta yi arewa wajen Felizarda. Ɗayar kuwa ita ce wadda Zeferino ke bi kullum in ya taso daga rumfar masu bammi, ko idonsa a rufe ba ya ɓata. Ƙafafunsa ba su yi shawara da kowa ba.

Da farko mun ɗauka wani sabon zagaye ne. Sai da na hango turmina a ƙofar gida na gane inda aka dosa. Na kutsa cikin mutane ina ihu.

"Zeferino! Ba nan ba ne! Juya ka duba!"

Ganga ta cinye rabin maganata. Ya dubi waya ya girgiza kai.

"Kun ji ko? Duk inda babban aiki yake, sai an samu mai hassada. Maƙwabciyata ce, ku yi mata uzuri."

Bayansa ya bugi bango. Ya shafa da hannu, ya ji sabuwar laka, ya hura usur da duk ƙarfinsa. Waɗansu ɗaliban suka shige ta ƙofa, waɗansu suka tallafa daga waje da gwafanni. Mai gari na ɗaga sanda, ni ina ihu, masu ganga na ganin murna muke. Jinka ta hau, ta yi wani nishi, ta zauna daram. Zakara ya yi cara a samanta.

Zeferino ya buɗe hannuwa. "Ina guɗa? Mata, ina guɗa?"

Ba wadda ta yi. Ganga ta mutu. Can sai muryar Gildo daga cikin ɗaki.

"Kawu, Dona Felizarda tana sa wandon maza ne?"

"Wane irin wando?"

Gildo ya leƙo ta ƙofa, yana riƙe da wani wando mai faci a gwiwa da kan yatsu biyu. Bayansa wata ramammiyar akuya ta fito, ta wuce kowa, ta je ta shinshini hannun Zeferino. Ya dubi akuya, ya dubi wando, ya juyo ya ga ni tsaye a ƙofar gidana. Usur ɗin ya zame daga bakinsa.

Wani masunci ya ce, "Lallai Zeferino! Ka tara yaran mutane tun daga Beira su rufa maka ɗaki da ganyen uwar marayu?"

"Wallahi kuskure ne! Ɗakunan ne iri ɗaya!"

"Akuyar ma iri ɗaya ce?"

Mutane suka dare. Dona Felizarda ce tafe, muciya a hannu, labari ya riga ya kai mata. Ba ta yi ihu ba, kuma da ta yi da ya fi mana sauƙi. Ta tsaya ta ɗaga kai tana kallon saƙarta a kan bangon wani, idanunta suka ciko. Na ji kunya kamar ni na yi. Telma ta durƙusa a gabanta tana ba da haƙuri, ta ce za su sake ɗagawa yanzu-yanzu. Tsofaffi suka ce a'a, ba a yi, ba a taɓa yi ba. Ko da ana yi ma, yaran duk sun zube a yashi, ba mai iya ɗaga ko cokali.

Zeferino ya ga shiru ya yi yawa, sai bakinsa ya farfaɗo.

"Jama'a, a duba abin da idon basira. Ɗakina, jinkarta. Wannan ba haɗin Allah ba ne? In Dona ta yarda, sai kawai mu..."

"Baba mai gari," in ji Felizarda, ko kallonsa ba ta yi ba, "jinkata na saƙa wa uwata da 'ya'yana da ni. Ban saƙa da wani ƙato a raina ba."

Mai gari Tomo ya daɗe yana susar gemu, yana ta fama da dariyar da ke neman ƙwace masa. Sannan ya buga sanda a ƙasa.

"Jinka ba ta sauka, wannan haka yake. Jinka kuma ta Felizarda ce, wannan ma haka yake. To mai jinka ta bi jinkarta. Kai kuma Zeferino, akwai sabon bango can arewa, ba kowa a ciki. Ka kwashe kayanka."

Guɗar da ya nema ɗazu, sai ga ta har ta yi yawa. Ɗaliban da suka ce ba sa iya motsi suka miƙe, suka ruga makaranta suka kwaso kayan Felizarda, biyu suka ɗauko tsohuwarta a kan kujera. Aka kawo tukwanen tuwo da miya nan ƙofar, aka ci aka suɗe hannu. Telma ta ware ledar da suke rufe buhunansu da ita ta miƙa wa Zeferino, ta ce ya riƙa maneji kafin kwakwa ta yi sabon ganye.

Kayansa ba su da yawa. Tabarma, tukunya, wandon nan da akuya. Ya fito da su ke nan hadarin da ya wuni yana haɗuwa a kan teku ya iso, aka fara yayyafi, kafin ka ce me ruwa ya tsuge. Kowa ya nemi mafaka. Shi ya tsaya a tsakar gida, ya kifa tukunya a ka, yana kallon Felizarda tsaye a ƙofar ɗakinsa, 'ya'yanta na leƙe ta bayan zaninta.

"Dona," in ji shi, murya ƙasa-ƙasa, "ki dai faɗi gaskiya. Tana yoyo?"

Ta ɗaga kai ta duba sama da kyau, kusurwa-kusurwa.

"Ko ɗigo. Sannu da aiki, Zeferino. In za ka fita ka ja mini ƙyauren gidan."

Ya ja mata ƙyaure a hankali. Ya zo wucewa ta gabana, ruwa na zuba ta gefen tukunya, akuya na turjewa a bayansa. Ya ɗan rage tafiya ya matso.

"Rufina, kin dai ji da kunnenki. Ta yaba."